Wane Labari Ya Kamata Ya Shiga Sabon Filin Shakatawa? Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar babban kamfani ya ce zai gina sabon filin shakatawa, tun ba a haƙa ramin harsashi ba masu sha'awa sun riga sun raba filin a zukatansu: nan za a sa wannan fim, can za a sa wancan wasan bidiyo. A 2025 abin ya yi yawa, domin a watan Afrilu aka tabbatar Universal za ta gina fili a kusa da Bedford a Ingila, a watan Mayu Disney ta ce za ta je Abu Dabi, kuma a cikin watan ne Universal ta buɗe sabon filinta Epic Universe a Orlando, a jihar Fulorida ta Amurka. Ga tambayoyin da suke ta dawowa a bakin masu hasashe.

Me ya bambanta filin shakatawa mai jigo da filin wasa na gama-gari?

A filin wasa na gama-gari, lilo da jirgin wasa mai gudu a kan dogo su ne abin sayarwa, kuma babu ruwan ɗaya da ɗaya. A fili mai jigo kuwa, ana so mutum ya ji ya bar duniyarsa ya faɗa wata. Gine-gine, kiɗan da ke tashi a hanya, tufafin ma'aikata, abinci, har kwandon shara, duk labari ɗaya suke bayarwa. Disneyland da aka buɗe a Kalifoniya ranar 17 ga Yuli 1955 ita ta kafa tsarin da ake bi har yau: fili ɗaya da aka yanka sashe-sashe, kowane sashe da jigonsa, kamar na kasada a daji, na tatsuniya, da na rayuwar gobe.

Abin lura, jigogin 1955 masu faɗi ne. Ba a gina sashe guda a kan fim ɗaya ba. Wannan al'adar ta zo ne daga baya, kuma ita ce ta haifar da duk gardamar da ke ƙasa.

Me ya sa yanzu kusan kowane sabon sashe yake jingine da fim ko wasan da aka riga aka sani?

Amsar tana komawa ga watan Yuni 2010, lokacin da Universal ta buɗe sashen Harry Potter a filinta na Islands of Adventure a Orlando. Kafin nan an saba ganin fim ya samu abin hawa guda ɗaya a cikin fili. A nan sai aka gina ƙauye sukutum, da shagunansa da makarantarsa a kan dutse, yadda masu kallo suka san su. Jama'a suka yi cincirindo, kuma ba hawa kaɗai ya kawo su ba: sun zo su sha abin shan da suka karanta a littafi, su sayi sandar tsafi da rigar makaranta. Masu irin wannan sana'a duk sun ga abin da ya faru. Disney ta biyo da sashen Cars a 2012, na Avatar a 2017, na Star Wars a 2019.

Dalili na biyu lissafi ne. Sashe ɗaya yana cin ɗaruruwan miliyoyin daloli, cikakken fili kuma biliyoyi. Wanda zai zuba irin wannan kuɗi yana so ya san akwai masu jiran abin tun kafin a buɗe ƙofa. Sunan da yaro ya sani tun yana goye ya riga ya yi rabin talla.

To ai sai a ɗauko fim ɗin da ya fi kowanne kawo kuɗi, ko ba haka ba?

Nan ne yawancin masu hasashe suke zamewa. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: shin labarin yana da wurin da mutum zai so ya taka da ƙafarsa? Akwai fina-finan da ƙarfinsu yana jikin jarumi ne ko gudun mota, amma idan ka cire jarumin babu abin da ya rage sai titi da gareji. Jerin Fast & Furious ya tara kuɗi masu yawa a sinima, amma abin hawan da aka yi masa a Orlando a 2018 ya sha suka a wurin masu sha'awa.

Ga kuma akasin haka. Fim ɗin Waterworld na 1995 ya shahara da cin kuɗin shiri fiye da kima da rashin cika burin masu shi, amma wasan kasadar da aka gina a kansa, da jiragen ruwa da gobara da jirgin sama da ke faɗowa gaban 'yan kallo, ya rayu shekaru da dama a Hollywood, aka kuma kai shi Japan da Singafo da Bejin. Haka Dark Universe: suna ne da Universal ta laƙaba wa jerin fina-finan dodanni da ta so farawa da The Mummy a 2017, shirin ya watse, amma sunan ya dawo a 2025 a matsayin sashe guda a Epic Universe, da ƙauyensa mai duhu da gidan iyalan Frankenstein. Avatar ma misali ne mai kyau. Lokacin da aka buɗe sashensa a 2017, mutane da yawa ba sa iya tuna sunan jarumin fim ɗin na 2009, amma kowa ya tuna duwatsun da ke shawagi a sama da tsirran da ke haske da dare. Su aka gina, su kuma suka ja jama'a.

Don haka in za ka yi hasashe, ka rufe ido ka tambayi kanka: ina ne a cikin labarin nan nake so in tsaya, me zan ci a can, me zan saya in tafi da shi gida? In amsa ta gagara, labarin zai iya samun abin hawa ɗaya, amma da wuya ya riƙe sashe.

Wane kamfani ne yake da wane labari?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, domin kyawun ra'ayi ba ya buɗe ƙofar da lauya ya kulle. Disney ta sayi Pixar a 2006, Marvel a 2009, Lucasfilm mai Star Wars da Indiana Jones a 2012, sannan yawancin kadarorin 21st Century Fox a 2019, wanda ya kawo mata Avatar da The Simpsons. Universal tana ƙarƙashin Comcast, tana da Jurassic Park, Minions, tsofaffin dodanninta, da DreamWorks Animation da ta saya a 2016, wato Shrek, Kung Fu Panda da How to Train Your Dragon.

Manyan abubuwa biyu da Universal take taƙama da su ba nata ba ne. Harry Potter lasisi ne daga Warner Bros., Mario kuma lasisi ne daga Nintendo. Mai lasisi yana biyan kuɗi, kuma mai labarin yana da bakin magana a kan yadda za a nuna kayansa da ƙasashen da aka yarda a nuna su. Shi ya sa kasancewar abu a filin kamfani a wata ƙasa ba ya nufin zai bayyana a sabon filinsa a wata ƙasar.

Me ya sa Spider-Man yake a filin Universal a Orlando alhali Marvel ta Disney ce?

Saboda wata yarjejeniya da aka ƙulla a 1994, shekaru 15 kafin Disney ta sayi Marvel. Ta ba Universal damar amfani da jaruman Marvel a filin shakatawa a gabashin kogin Mississippi, kuma babu ranar ƙarewa muddin ana cika sharuɗɗa. A kanta aka gina sashen Marvel a Islands of Adventure da aka buɗe a 1999. Sakamakon haka, Disney ba ta iya sa Spider-Man ko Hulk ko X-Men a filayenta na Fulorida, duk da cewa nata ne. Ta gina sashen Avengers a Kalifoniya a 2021 da Faris a 2022, inda yarjejeniyar ba ta kai ba. A Fulorida sai ta nemi jaruman da Universal ba ta taɓa ba, ta yi jirgin Guardians of the Galaxy a filinta na EPCOT a 2022.

A Japan labarin ya sha bamban: abin hawan Spider-Man na Universal a Osaka ya rufe a watan Janairu 2024. Duk mai fatan ganin Marvel a Bedford ya ajiye wannan fata, tunda Disney tana da nata a Faris.

Me ake hasashen zai shiga filin Universal na Bedford?

Abin da aka tabbatar a sanarwar 2025 shi ne wuri da lokaci: tsohon filin masana'antar bulo a Kempston Hardwick, faɗin eka 476, da niyyar buɗewa a 2031. Lokacin sanarwar kamfanin bai faɗi jigogi ba, sai hasashe ya cike gurbin. Mafi sauƙin zato su ne kayan gida, wato Jurassic, Minions da na DreamWorks, domin ba sai an nemi izinin kowa ba (duba amsar da ke kan mallakar labarai).

Sunayen da suka fi yawo a baki su ne na Birtaniya: James Bond, Paddington, The Lord of the Rings. Kowanne yana da mai shi dabam. Amazon MGM ce ta karɓi ragamar Bond a watan Fabrairu 2025, Paddington yana hannun StudioCanal, haƙƙoƙin labaran Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, da suka shafi fim da wasa kuma kamfanin Embracer ya saye su a 2022. In aka auna su da ma'aunin wurin da za a taka, The Lord of the Rings ya fi sauran nesa ba kusa ba: ƙauyen Hobbit mai ƙofofi kewayayyu, birnin Elf, ramukan ƙarƙashin dutse, kowanne sashe ne da kansa. Bond yana da suna, amma wurinsa otal ne da gidan caca da mota; zai yi kyau a wasan kasada irin na Waterworld fiye da unguwa guda. Paddington kuwa daidai ne ga ƙananan yara.

Harry Potter shi ne ƙulli. Warner Bros. tana da nata wurin ziyara a Leavesden tun 2012, inda aka ɗauki fina-finan, kuma ba shi da nisa da Bedford. A Japan akwai duka biyun, sashen Universal a Osaka da wurin ziyarar Warner a Tokiyo tun 2023, amma tsakaninsu tafiyar ɗaruruwan kilomita ce. Ga kuma ruwan sama da sanyin Ingila, wanda zai tilasta a rufe abubuwa da yawa cikin gini, ko wane labari aka zaɓa.

Disney ta Abu Dabi fa, kwafin sauran za ta zama?

Tarihi ya nuna ba a yin kwafi sak. Za a gina ta a tsibirin Yas, kamfanin Miral ne zai zuba kuɗi ya gudanar, Disney ta zana ta ba da lasisi, kwatankwacin yadda Oriental Land Company take riƙe da filayen Tokiyo tun 1983. Ita ce za ta zama masaukin Disney na bakwai a duniya. Zafin yankin zai yi tasiri a kan zaɓi: Warner Bros. World da ke tsibirin tun 2018 gaba ɗayanta a cikin gini take, Ferrari World ta 2010 ma mafi yawanta a rufe take.

Masu hasashe suna saurin cewa Aladdin, don kawai ƙasar Larabawa ce. Ni ban ga ƙarfin wannan hujja ba. Mutumin da ya fito daga kasuwar gaske ba lallai ya biya kuɗi don ganin ta roba ba. Wataƙila ƙanƙarar Frozen ta fi jan shi. Abin da Disney ta saba yi shi ne gyara don mai masauki. A Hon Kon ba ta kai gidan fatalwa irin na Amurka ba, sai ta ƙirƙiro Mystic Manor a 2013 da labarinsa na kansa. A Shanghai ta yi lambun da taurarin zanenta suke wakiltar dabbobi 12 na kalandar Sin, ta kuma gina sashen Zootopia na farko a duniya a watan Disamba 2023 saboda yadda fim ɗin ya karɓu a ƙasar.

Wasannin bidiyo za su iya ɗaukar sashe guda kamar fim?

Sun riga sun ɗauka. Nintendo da Universal sun sanar da haɗin gwiwa a 2015, Super Nintendo World ta buɗe a Osaka a watan Maris 2021, a Hollywood a 2023, a Orlando a 2025. Wasa yana da abin da fim ba shi da shi: mai shi ya saba yin abu da hannunsa. Shi ya sa ake sayar da wani abin ɗaurawa a hannu da ke ƙirga maki, yara da manya suna yawo suna naushin tubala suna tara tsabar wasa, sashen kansa ya zama abin wasa ko ba a hau komai ba. Daga nan ne kiraye-kirayen a gina sassan wasannin Zelda da Pokémon suka samo ƙarfi, kuma Zelda ta cika sharaɗin wuri sarai, da fadarta da dazuzzukanta. Zane-zanen Japan ma sun shigo layi: a watan Maris 2024 aka sanar da filin Dragon Ball a Qiddiya ta Saudiyya.

Gara a gina wurin da aka gani a fim, ko a ƙirƙiro sabo a cikin duniyar labarin?

An gwada duka biyun. Diagon Alley da Universal ta buɗe a 2014 kwafi ne na titin da masu kallon Harry Potter suka haddace, har da jirgin ƙasan da ke ɗaukar mutum daga wannan fili zuwa wancan. Disney kuwa, a sashen Star Wars na 2019, ta ƙirƙiro wata duniya mai suna Batuu da ba ta fito a fina-finan ba, ta kuma ɗaure ta da zamanin sababbin fina-finai. An yaba aikin ginin, amma masoya da yawa sun yi ƙorafin cewa sun zo neman tsofaffin jarumansu ba su same su ba. Otal ɗin Star Wars na Disney mai suna Galactic Starcruiser, inda baƙo yake kwana biyu yana taka rawa cikin labari, ya buɗe a watan Maris 2022 ya rufe a watan Satumba 2023. Tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin masoya.

Hukuncina shi ne, in labari yana da wuri guda da kowa ya sani, a gina shi kawai. Ƙirƙirar sabo tana da amfani ne in wuraren labarin sun yi yawa har ba a san wanda za a zaɓa ba.

Fili zai iya rayuwa ba tare da wani shahararren fim ba?

Ƙwarai. Efteling a Holan tana nan tun 1952 a kan tatsuniyoyin Turai. Europa-Park a Jamus, ta iyalan Mack tun 1975, ta raba sassanta ƙasa-ƙasa. Puy du Fou a Faransa ba ta dogara da jiragen wasa ba, wasannin tarihi take yi da dawaki da tsuntsaye. Tokyo DisneySea ta 2001, wadda masu sha'awa da dama suke ɗauka a matsayin mafi kyawun fili, an gina ta ne a kan tasoshin jiragen ruwa da tatsuniyar teku, kodayake a 2024 an ƙara mata sashen Frozen da Tangled da Peter Pan.

Wani lokacin ma filin ne yake haifar da fim. Pirates of the Caribbean abin hawa ne tun 1967, fim ɗinsa bai zo ba sai 2003. Kuma akwai labaran da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, irin littafin Dracula na 1897 da na Frankenstein na 1818, waɗanda kowa zai iya gina nasa a kansu, matuƙar bai kwaikwayi siffar da wani kamfani ya ba su a fim ba. Ƙaramin mai zuba jari da ba zai iya biyan lasisi ba, nan ne hanyarsa.

Idan labarin da aka zaɓa ya tsufa fa?

Sai a sake masa riga ko a rushe. A filayen Universal na Amurka an cire abin hawan Back to the Future aka sa The Simpsons a 2008. An rufe na Jaws a Orlando a watan Janairu 2012 don a samu filin Diagon Alley. Abin hawan Splash Mountain na Disney, wanda aka gina a kan fim ɗin 1946 da aka daɗe ana suka kan yadda ya nuna baƙaƙen fata, ya koma Tiana's Bayou Adventure a filayen Amurka a 2024. Abin hawa ɗaya yana da sauƙin canzawa. Sashe ko fili guda da aka ɗaure da abu ɗaya ya fi haɗari: Bollywood Parks a Dubai ta buɗe a 2016 ta rufe a 2023.

Daga sanarwa zuwa buɗewa ana ɗaukar shekaru biyar ko shida, ginin kuma ana so ya yi shekaru 30. Abin da ke tashe bana ba shi ne ma'auni ba. A nemi labarin da uba ya sani, ɗa ma ya sani.

Sassa nawa ya kamata, kuma yaya ake haɗa su?

Epic Universe ta buɗe da biyar: lambun tsakiya mai jigon taurari wanda ba na kowane fim ba, sai Nintendo, Harry Potter, How to Train Your Dragon da dodanni. Iyali guda suke shigowa da ɗan shekara huɗu da matashi da kaka, dole kowa ya samu nasa. Jerin hasashen da ya cika da labaran faɗa biyar ya manta da rabin masu sayen tikiti.

Yaya zan gane jita-jitar da ke da tushe?

Fara da mai haƙƙi: in labarin na kamfanin da ke gasa da mai filin ne, a bar zancen. Sai a duba takardun neman izinin gini da ake miƙa wa hukuma, domin sukan nuna tsayin gine-gine da faɗin sassa ko da ba su ambaci jigo ba. Rajistar alamar kasuwanci da ta sabuwar fasaha alama ce mai rauni, kamfanoni suna yin da yawa da ba sa amfani da su. Zanen talla na farko shi ma ana yin sa ne da gangan yadda ba zai tona komai ba.

Ko sanarwar hukuma ba gini ba ce. A 2012 aka sanar da wani katafaren fili a Swanscombe kusa da Landan, da sunan Paramount a jikinsa. Aka yi ta sauya abokan hulɗa da ranar buɗewa, a 2021 aka ayyana yankin a matsayin wurin da doka ta kare saboda halittun da ke cikinsa, har da wani nau'in gizo-gizo da ba a cika samu ba, kuma ba a taɓa gina filin ba. Alamar da ta fi ƙarfi ita ce a ga an mallaki ƙasar, an samu izinin hukuma, motocin haƙa sun shiga. Sunayen sassa kuwa galibi kamfani yakan riƙe su sai shekara ɗaya ko biyu kafin a fara sayar da tikiti.